Allurar Bayan Sumaiya

Yaya Muntaka,

Assalamu alaikum. Gai da Inna da duk mutanen Tudun Wada. Ina nan Alƙahira lafiya, tandar gidan burodi ce kawai ta ɗan lashe mini hannu, shi ya sa rubutun ya karkace.

Matarka ta ce ka ɗauke Sumaiya daga asibiti don likita zai yi mata allura a gadon baya. Wai abokan hirarka na Kwangila sun ce tana hana mace haihuwa. Haba Yaya! Wane ne likitan a cikinsu, mai faci ko mai shayi?

Ban yi jami'a ba, amma na karanta. Ciwon nata ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ba kowane maganin da aka zuba a jini ke shiga ƙwaƙwalwa ba. Ruwan cikin ƙashin baya shi ne ya kewaye ta, ta nan maganin zai isa.

Don Allah ka mayar da ita yau. 'Yarka shekararta shida, kai kana lissafin jikoki. Ka bari ta ga ta bakwai tukuna.

Allah ya ba ta lafiya.

Ƙaninka,
Mujahid