Abin da Ruwa Bai Wanke Ba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da ƙarin haƙurin rashin 'yarki Auta. Allah ya jiƙanta. Tunda kin daina ɗaga wayata, ga takarda.

Ba ni na duba gawar ba, ba a barin likita ta taɓa gawar danginta. Abokin aikina ne ya yi, ina tsaye a bakin ƙofa. Shaƙe ta aka yi, Yaya. Ƙashin maƙogwaronta ya karye, jini ya tsattsafo a fararen idanunta, kuma an yi mata fyaɗe. Ba ciwon zuciya ba ne kamar yadda kike gaya wa masu ta'aziyya.

Amma fes aka kawo mana ita, tana ƙamshin sabulu, an yanke mata farce har tsoka. Haba Yaya! Macen da ake shaƙewa yaƙushi take yi, fatar mutumin ta maƙale a ƙarƙashin farcenta. Da wannan muke kama masu laifin. Wa ya yi mana wannan ɗanyen aiki?

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki

Likita,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, saƙonki ya iso. Ni na wanke ta, kuma ko yau aka maimaita zan sake. Ke gawa kika gani. Ni 'yata na tarar a ƙasan ɗakin hayarta, tsakanin gado da keken ɗinkinta, ba ko ƙyalle a jikinta. In bar ta haka ƙarti su shigo suna ɗaukar ta hoto? Ba ki haihu ba, shi ya sa.

Allah ya yi wa surukina albarka, mijin babbar 'yata. Shi ya fara isowa, tun ban kira kowa ba. Ya ɗebo ruwa, ya miƙo mini abin yankan farce ta bayan labule, ya ce kada a ga jini a hannunta. Ya kwashe zanin gadon ya je ya ƙona. Ko ɗan cikina sai haka.

Ki roƙi abokin aikinki ya rubuta rashin lafiya. Wadda ta tafi ta tafi, a rufa mata asiri.

Allah ya bar zumunci.
Yayarki

Yaya,

Ina gaishe ki, amma wallahi raina a ɓace yake. Gorin haihuwa na shanye, ba yau kika fara ba.

Ki tuna abin da kika rubuto da hannunki. Ba ki kira kowa ba, to wa ya gaya wa surukin naki? Kuma ba a ɓalle ƙofar ɗakin ba. Matan da ake shimfiɗa mana a teburin nan, yawancinsu da hannunsu suka buɗe wa wanda ya kashe su. Sun san shi, wasu har ruwa suka kawo masa. Na gaji, Yaya. Kullum dangi sun riga mu isa da sabulu, mai laifi kuma yana kan tabarma yana amsa gaisuwa.

Akwai abin da ruwanki bai wanke ba. Cizo ne a kafaɗarta ta hagu, haƙoran sama da wushirya a tsakaninsu. An auna, an ɗauki hoto. Sai dai alƙali ba zai sa a auna bakin mutum don ni na yi zargi ba. Sai kin gaya wa 'yan sanda wanda ya ƙona zanin.

Ƙarya kuwa ba za mu rubuta ba, ko za ki daina yi mini magana har abada.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya.
Ƙanwarki

Likita,

Ina amsa gaisuwa. Na je wurin 'yan sanda, na ce ni na ƙona zanin, ni kaɗai. 'Ya ɗaya ta rage mini, tana gidansa da tsohon ciki. Kada ki sake rubuto mini.

Jiya ya zo gaishe ni, ya durƙusa har ƙasa, ya yi mini murmushi. Sai idona ya sauka a kan wushiryarsa.

Hoton cizon nan, ki adana shi da kyau.

Sai wata rana.
Yayarki