Janareton Inna Barakatu

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Yau kwale-kwale ya ba ni kunya. Ko tsakiyar ruwa ban kai ba hannuwana suka ce sun yi ritaya. Ɗana Uzairu ne ya janyo ni gaɓa kamar buhun taki, masunta na kallo. Ni Idi, da na rubuta "Gadon Uba" da jan fenti a jikin jirgin nan! Likita ya ce suga ne. Ashe abin da na yi ta zubawa a shayi ajiya nake yi.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Matata Kyauta ta ɓoye filafilina. Da na tambaya sai ta ce, "Malam, mijina nake so, ba kifi ba." Ban gaya mata ba, amma ruwa ya ja baya, kan kukar tsohon garinmu ya fara leƙowa. Can mahaifiyata Inna Barakatu take kwance, tun kafin a yi dam ɗin Tiga a taso mu. Duk shekara ni kaɗai nake tuƙawa in je in yi mata addu'a. In damina ta sauka kukar za ta nutse, shi ke nan sai baɗi.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Autata Bushira ta zo hutu daga makarantar koyon aikin lafiya, ta zaunar da ni kamar ɗan aji ɗaya. To, ni da na tsaya a aji huɗu, ba a rage mini da yawa ba. Wai jikin mutum ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, kusan kowane ɗaki da 'yan injinansa masu karɓar abinci da numfashi su ba da ƙarfi. Sunansu maitokondiriya. Na ce wannan ai sunan matar Bature ne, ni janareto zan ce. Ta ce nawa sun yi sanyi saboda zaman majalisa da rake, amma in ina motsa jiki ina shan magani, ƙaruwa suke yi. Janareto mai haihuwa! Da na masu cajin waya a Kwanar Ɗangora haka suke, da sun gina bene.

Sai na bugi ƙirji na ce ai nawa na gado ne, irin na babana. Yarinyar nan ta yi dariya har da riƙe ciki. "Baba, ai daga uwa kaɗai ake gadonsu. Mu ma ko ɗaya ba mu samu a wajenka ba."

Kyauta tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Na dai ga kafaɗunta suna rawa.

Litinin, 14 ga Afrilu

Na ce wa Kyauta to lalacin Uzairu nata ne. Ta ce, "Injin nawa ne, direban naka."

Asabar, 19 ga Afrilu

Na fara tattaki bayan asuba, Bushira a gaba kamar mai kiwo ta ja tunkiya. 'Yan majalisa suka ce ko akuyata ce ta ɓata. Na ce ma'aikata nake ɗauka, cikin cinya. Shayi ba suga dai azaba ce, kamar an dafa tsumma.

Abin da ya tsaya mini: ban san fuskar Inna ba sosai. Ba hoto, ba ko ƙwaryarta. Kullum cewa nake ba ta bar mini komai ba.

Talata, 6 ga Mayu

Likita ya duba jini ya ce madalla, in tuƙa amma kada in tafi ni kaɗai. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Kyauta ta fito da filafilin daga ƙarƙashin katifarta. Ashe wata guda a kansa take kwana, ga ta nan tana kukan ciwon baya.

Asabar, 10 ga Mayu

Mun je! Ni da Bushira, da Kyauta da ta ce ita 'yar rakiya ce. Na huta a hanya, ba na musu, amma ba wanda ya taɓa filafilina. Kukar na nan, tsuntsaye sun mai da ita masauki. Na yi addu'a. Bushira ta dafa damtsena ta ce, "Baba, Kaka ce ta tuƙo mu fa." Na ce ruwa ne ya fantsamo mini a ido. Kyauta ta ce lallai ruwan Tiga ya iya saiti.

A dawowa na rera waƙar masunta da muryar nan tawa mai korar kifi.

Lahadi, 11 ga Mayu

An yi yayyafi. Na sayi fenti, don rubutun jirgin ya koɗe, ba don komai ba. Uzairu ya zo ya tsaya yana karantawa: "Baba, 'Uba' fa za ka rubuta, ka sa 'Uwa'." Na ce ya sani sarai a aji huɗu na tsaya.

Ya ce ya kawo tsumma a goge? Na ce fenti ya riga ya bushe.