Ni na goge bidiyon iyakar gona, ƙaramin ɗana ake zargi

Assalamu alaikum mai shafi, da ku masu karatu. Da baki na faɗa a waya aka mayar rubutu, don ni ban taɓa taka ƙofar makarantar boko ba. A sakaya sunana. Don Allah kada ku yi mini faɗa, na riga na yi wa kaina wanda ya fi naku.

Tsohuwa ce ni a wani ƙauye gefen Dawakin Tofa. Duk yankinmu an san ni da labari, in na buɗe baki a gidan biki sai tuwo ya kama a tukunya ba a sani ba. Babban ɗana da ke koyarwa a birni ya buɗe mana wurin ajiya a intanet, rumbu ɗaya na gida gaba ɗaya, mabuɗi ɗaya, kowa na zubawa daga wayarsa. Ya saya mini waya don in riƙa ɗaukar tarihin zuri'armu. Ya ce, "Inna, da murya kawai za ki yi, bidiyo yana cin wuri." Na ce, "Kai ka taɓa ganin labari ba hannu ba ido? Ni za ka mayar rediyo?" Sai in ɗaura atamfata, in jingina waya jikin turmi, tun hantsi har azahar. Akuya ta yi kuka in sake daga farko, na farkon ma ban zubar ba.

Rannan ya kira ni. "Inna, rumbu ya cika, ke kaɗai kin cinye wurin kowa, ki rage naki." Raina ya ɓaci. Nawa ne abin ragewa? Sai na shiga leƙa na mutane. Tunda ba na karatu, da hoto nake ganewa. Na ci karo da wani dogon bidiyo, ba komai a fuskarsa sai ciyawa da ƙafafu. Na ce wani ne ya manta waya a kunne. Ko buɗewa ban yi ba, na danna kwandon shara. Wallahi na ɗauka daga wayata kaɗai zai fita.

Ashe Malam ne, mijina, Allah ya jiƙansa. Kafin rasuwarsa ya zaga gonarmu da maƙwabcinmu, ana ɗaukar su a waya suna nuna iyaka da bakinsu, daga kututturen ɗorawa har layin gamba. Daminar nan 'ya'yan maƙwabcin suka shigo mana cikin gona har kunya uku. Babban ya je ɗauko bidiyo, babu, kwandon ma ya daɗe da zubewa da kansa.

To wa zai zarga? Ƙaninsa, wanda ke noma a gida, kuma 'yar gidan maƙwabcin yake aure. Ya zo gida, a gabana ya ce masa, "Surukanka ka zaɓa a kan ubanka." Ƙaramin ya ce, "Yaya, wallahi ban taɓa shi ba." Ina zaune ina ɓarar gyaɗa, ban ɗaga kai ba. Ni fa, da ba a rufe mini baki! Wata biyu ke nan ba sa cin abinci kwano ɗaya. Matar ƙaramin takan durƙusa ta ce, "Inna, ina kwana," ido a kumbure, in amsa ina kallon bango.

Na gwada gyarawa ta bayan gida. Na ce na san iyakar nan kamar tafin hannuna, a kai ni in nuna. Babban ya ce, "Inna, ba labari ake so yanzu ba." Labarin nawa ba shi ya cinye muryar ubansu ba?

Na gaji. Atamfar tana akwati, ban sake jingina waya ba. Ranar Juma'a bayan an sauko, babban zai kai ƙaninsa gaban dagaci ya dafa Alƙur'ani. Yaron zai rantse a kan gaskiya, yayansa kuwa har abada zai riƙa kallonsa a matsayin wanda ya rantse a kan ƙarya. In na yi magana, da wane ido za su ƙara zama su saurare ni? Shekara saba'in ina ba da labarin mutane, nawa guda ɗaya ya gagare ni faɗa. Juma'a saura kwana uku. Me zan yi?