Bukkar da Inna Ta Ɗauko wa Kwano

Litinin, 4 ga Maris
Hukumar gandun daji za ta rushe tsohuwar bukkar da ke rabin hanyar hawa dutsen Kinabalu. Madalla. Shekara ashirin ina dako ina wuce ta, ban taɓa jin komai ba sai warin fitsarin ɓera.

Alhamis, 7 ga Maris
Wata Jelina ta zo daga jami'a, takalminta ko taɓo bai sani ba. Wai tarihi take tarawa don a fasa rushewar. "Yaya Sumbin, an ce mahaifiyarki na cikin maginan?" Maginan! Kwanon rufi Inna ta yi ta hawa da shi a gadon baya tana 'yar shekara goma sha huɗu, Bature ya samu wurin shan shayi. Na ce ta rubuta wannan in tarihi take so.

Asabar, 16 ga Maris
Inna ta ji labari. Ga ta kwance, ko cokali ba ta iya riƙewa, amma bakin nan lafiya lau. Har yanzu tana kan maganar mutanen da can, wai duk Badusune, wato ɗan ƙabilarmu, in ya mutu dutsen nan zai hau. "To in an rushe bukkar, ni a ina zan huta, da gwiwoyin nan?" Na ce ai Fada na cocinmu ya hana wannan zance. Ta ce Fada bai taɓa hawa da kaya ba.
Haushi ya hana ni cin abinci.

Talata, 2 ga Afrilu
Jelina ta dawo da takardar koke, wai in sa hannu. Na bar ta tsaye a ƙofa. Kango dai kango ne.

Laraba, 10 ga Afrilu
An yanke. Ranar 29 za a rushe.

Alhamis, 25 ga Afrilu
Mun binne Inna.

Lahadi, 28 ga Afrilu
Na je gidan Gunsalam, shugaban leburorin da za su rushe bukkar, don kawai in mayar masa da kujerun zaman makoki. Hira ce ta kawo, na ce ko za su ɗaga aikin zuwa mako mai zuwa, tunda ga damina. Ya leƙa waje, rana tar. Ya ce, "Sumbin, faɗi gaskiya."
Ni ban yarda da tatsuniyar nan ba, Allah ya sani.
Na ce masa, Inna ba ta da sauri, ba ta kai bukkar ba tukuna.