Ƙwayoyin Baba Sun Daina Aiki

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali, Ya kuma sa albarka a aikinka. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, Auta kuma ya fara koyon tuƙi, har ya riga ya gaisa da katangar maƙwabcinmu.

Maganar Baba ce ta sa na rubuto, da ƙwayoyin ƙarin ƙarfin nan da kake aiko masa. Ban musa ba, da farko sun karɓe shi. Ya koma shagonsa na kafinta kamar saurayi, har ya hau tsani ya gyara rufin ɗakin Inna da kansa, muna ƙasa muna salati. Duk wanda ya shigo shago sai ya ciro kwalbar daga aljihu ya nuna masa, ya ce ɗansa ne ya aiko.

To Yaya, yanzu labari ya sha bamban. Zarto ya yi masa nauyi, in ya ɗan ja sai ya zauna kan benci yana haki. Tafin hannunsa ya yi fari fat. Maimakon ya yarda jiki ne, sai ya ce masu yin maganin ne suka fara ha'inci. Daga ƙwaya ɗaya ya koma biyu, yanzu uku yake watsawa. Kai kuma da ya faɗa maka a waya sun daina aiki, sai ka aiko wata ƙatuwar kwalba, wai ta fi ƙarfi. Wallahi ranar da ta iso ji na yi kamar in zubar da ita a kwata.

Makon jiya jiri ya kwashe shi a shago, ya faɗi kan katako, goshi ya tsage. Mai waldan da ke kusa da shi ne ya tallabo shi gida, na lallaɓa shi muka tafi asibiti. Likitar ta duba idonsa ta ce jininsa ya yi ƙasa sosai, kuma in akwai inda yake zuba a ciki, shan ƙwaya zuba ruwa ne a kwando, sai an yi gwaji an gano dalili. Baba ya bari aka ɗinke goshin, ya ɗauki hularsa, ya ce ɗansa ya fi su sanin magani. Na bi shi ina magiya har bakin titi, ya ce in na rasa aikin yi in je in taya Inna wanki.

Na gaji, Yaya. Kai muryarsa kake ji, kuma ka san Baba da dauriya. Ni ke ganin yadda yake dafa bango kafin ya kai banɗaki. Gani ya kori ji. Don Allah kada ka ƙara aiko ko kwalba ɗaya. Ka kira shi ka ce kai ne kake so a yi gwajin nan. Ni ta kusa ce, maganata ba ta da nauyi, taka kuwa ko tari ka yi sai ya ce hikima ce.

Ka gaishe min da matarka, da Mai-sunan-Inna da ƙaninta sarkin ƙiriniya. Inna da Kawu da Auta suna gaishe ku.

Na riga na faɗa wa likitar ranar Litinin za mu dawo. Kada ka sa in zama maƙaryaciya.

Taka,
Ƙanwarka