Kwamfutar da Ka Ƙara wa Gudu

Baban 'Yan Biyu,

Na fita kana barci. Ban tashe ka ba, don da na tashe ka a halin da nake ciki, da maƙwabta sun ji mu.

Kwamfutar nan da ka ce ka ƙara mata gudu jiya, yau ko rarrafe ba ta yi. Tana nuna ta hau intanet, fitilun na'urar duk kore shar, amma duk shafin da na buɗe sai ya yi ta juyi, can ya ce wai ba a same shi ba. Na kashe na kunna, na zare filogi na mayar, shiru kake ji. A wayata komai yana buɗewa lafiya lau, saboda haka kada ka soma ɗora wa kamfani laifi.

Kuma ka san sarai yau za su gana da ni ta intanet kan aikin nan da na daɗe ina nema, sun ce dole sai da kwamfuta. Na tafi gidan Yaya in ari tata.

Abu ɗaya nake roƙo. Lambobin nan da ka canja a saiti, kai da mutumin da kake kallo a bidiyo, ka mayar da su yadda suke. In ka manta yadda suke, don girman Allah ka rufe ta ka ɗauke hannunka.

Ka yi min addu'a dai. Ita kam ban taɓa ganin ka lalata ba.

Matarka