Wutsiyar Bawul

Tudun Wada, Gombe
17 ga Nuwamba, 1974

Zuwa ga yayata, Adda Fadimatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inno? Ki ce mata in ji ni ta rage zirga-zirga, ƙafar nan hutu take so ba magani ba. Mu nan lafiya lau. Uwargidana Barira tana gaishe ki, jaririn kuma ya fara zama.

Saƙonki ya iso ta hannun direban Dukku. Na karanta sau biyu, na farko na yi dariya, na biyu raina ya ɓaci. Wato har yanzu Baffa bai haƙura ba, ya samo mini kujerar akawu a ofishin En'e, in zauna da farar riga ina lasar kan sarki. Ki ce masa na gode, Allah ya bar zumunci, amma ba na so. Na san abin da ke cinsa. Ana cewa a Dukku ɗan gidan Ardo ya zama maƙeri. To, su faɗa. Shekara bakwai ke nan suna faɗa, ban ga ƙurji ya fito mini ba.

Tun da ba ki taɓa shiga Kamfanin Zakara ba, bari in gaya miki aikina don ki sami abin ba su amsa. Ni fita ne, wato mai haɗa injina da gyaransu. Man gyaɗa da na angurya muke matsewa, kuma duk injinanmu tururi ke juya su. Tururin yana fitowa ne daga wata tukunyar ƙarfe da ta fi ɗakin Inno girma, ana hura mata wuta da ɓawon gyaɗa. Kowace safiya ni ke duba ta, ruwanta da bututunta da agogon da ke nuna ƙarfin tururi. In na ga komai daidai sai in sa hannu a littafin tukunya, wanda sufeton gwamnati ke dubawa in ya zo. Sunan ƙanenki ne a kowane shafi.

Mai hura wutar wani dattijo ne mutumin Kaltungo, Baba Isaiah. Shekararsa goma sha shida a bakin tukunyar. Abin da makarantar sana'a ba ta koya mini ba shi ya koya mini, har yadda ake kara kunne a jikin ƙarfe a ji ciwonsa tun bai kwanta ba. Fillo yake kirana, wai hannuna na tatsar nono ne aka yi kuskure aka ba shi sifana. In ban da shi da tuni na gudu.

Ga albishir kuma. Kamfani zai tura mutum ɗaya kwalejin fasaha ta Kaduna, kwas na shekara biyu, wanda ya gama ya dawo mataimakin injiniya. Ana son takardar firamare, da ta makarantar sana'a, da shaidar gwajin sana'a mai daraja ta ɗaya, da shekara biyar a bakin aiki. Duk suna cikin akwatina. Abin da ya rage sa hannun babban injiniyanmu, Injiniya Shu'aibu, wanda ya gaji Baturen da ya tafi bara. Ya ce ba damuwa, sai ƙarshen Maris za a rufe karɓar fom. Kowa a garin nan ya zama ɗan kwangila yana sayar da siminti, ni dai Kadunan nan nake so, Adda. Ban taɓa son wani abu kamarta ba.

Ki gaida kowa da kowa.
Ƙanenki,
Bappayo

Tudun Wada, Gombe
12 ga Janairu, 1975

Adda,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Yaya aka ji da hidimar Sallah? Man shanun da kika aiko ya iso, Barira ta ɓoye shi kamar ni ɓarawo ne.

Akwai abin da ya taso a wurin aiki, kuma ba wanda zan iya gaya wa sai ke. A saman tukunyar nan akwai bawul. In tururi ya yi yawa shi ke buɗewa da kansa ya fitar da rarar, sai ki ji tsakinsa har bakin titi. In ba shi, tukunya za ta yi ta cika har ta fashe, kuma ranar da ta fashe ba a fita da mai rai daga ɗakin. Bawul ɗin yana cikin akwatin ƙarfe da sufeto ya rufe ya buga hatimin dalma, ba mai ikon buɗewa. Abin da ya leƙo waje 'yar wutsiya ce kawai, tsawon tafin hannu, wadda muke ɗagawa mu gwada ko yana aiki.

Bana kaya sun taru, buhuna har waje, masu kamfani suna so a ninka aiki. Mako uku da suka wuce sai na lura bawul ya daina tsaki, allurar agogo kuwa ta haye jan layi ta zauna. Na hau tsani. Me zan gani? An ɗaure guntun ƙarfen reluwe da waya an rataya a wutsiyar, nauyinsa ya danne bawul ba ya iya buɗewa. Na kwance shi na jefar bayan ɗaki. Washegari ya dawo. Na kai shi juji, aka samo wani. Daga ranar na daina sa hannu, yau shafi goma sha tara ke nan babu sunana.

Ranar Alhamis Injiniya Shu'aibu ya kira ni ofis, har da ba ni shayi. Ya ce tukunyar ƙirar Ingila ce, an yi ta da rarar ƙarfi, shi a can ya karanta lissafinta, ni a ina na karanta? Na ce masa lissafinsa na sabuwar tukunya ne, wannan kuwa na shiga cikinta da fitila na ga inda tsatsa ta ci. Bai musa ba. Sai ya jawo fom ɗina na Kaduna ya ajiye kusa da littafin tukunya, ya ɗora biro a tsakaninsu, ya ce, "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, Bappayo. Ka sa naka, in sa nawa."

Ba zan yi miki ƙarya ba, hannuna ya motsa. Na ga hotona a jikin fom ɗin, wanda na sa rigar Sallah na je aka ɗauka. Amma mutum huɗu ke zama ƙarƙashin tukunyar nan tun safe har yamma, Baba Isaiah da abokan aikinsa uku. Sa hannuna cewa ne na duba na ga ba abin da zai same su. Na ajiye masa kofinsa na fito.

Na rubuta wa sufeto takarda. Kada ki gaya wa Inno komai tukuna. Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Bappayo

Tudun Wada, Gombe
9 ga Fabrairu, 1975

Adda,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Ni jikina lafiya, zuciyata ce ba lafiya.

Sufeto ya zo, amma sai da ya aiko da sanarwar ranar zuwansa, haka ƙa'idarsu take. Ran nan wutsiya fes, allura ta koma ƙasan jan layi kamar ba ta taɓa laifi ba. Ya duba hatiminsa ya ga ba a taɓa ba. Da ya tambayi shafukan da babu sa hannu, aka ce masa fitan ne mai taurin kai. Ya sha lemo ya hau motarsa. Ƙurarsa ba ta kwanta ba ƙarfen ya koma wurinsa.

Na ce sai na ga hannun da ke rataya shi. Ranar Laraba na yi sammako, na riga kowa, na zauna bayan tarin ɓawon gyaɗa. Ina zaton wani karen ofis zan kama, har na shirya abin da zan faɗa masa. Adda, Baba Isaiah ne. Da ƙarfen a kafaɗa yake hawan tsanin, sau biyu yana tsayawa ya huta. Shi da ya koya mini cewa ba a wasa da bawul, shi da ya taɓa mare ni don na jingina tsintsiya a jikin akwatin.

Da ya sauko ya gan ni bai firgita ba. Ya goge hannunsa a wando ya ce, "Saura mini wata goma sha huɗu in yi ritaya, Fillo, ga 'yata Hilda tana aji uku a kwalejin malamai. In na ƙi, gobe wani zai rataya, ni kuma ina gida." Ya ce kullum sai ya yi addu'a kafin ya hau. Ya roƙe ni in sa hannu in tafi Kadunata, wai in na dawo injiniya sai in gyara abin da na ga dama.

Na shiga bayan ɗakin janareta na yi kuka, ban ji kunyar gaya miki ba. Wanda nake wannan faɗan dominsa shi ke ce mini in bari. Barira ma ta ce in bari, abokan aiki sun ce in bari. Na yi ta auna maganarsu, kuma na san ba mugunta ce ta sa su ba. Amma shekara biyu zan yi a Kaduna, tukunyar nan kuwa ban ba ta damina ɗaya ba a yadda ake matsa mata. In na tafi aka aiko mini da labari, wace takarda ce za ta wanke ni?

Ba zan sa hannu ba. Kwancewa da jefarwa kuma na ga wasan yara ne, ni in kwance, tsoho ya sake hawa tsani. Dole in nemi wata hanya.

Ki gaida Inno da yara.
Bappayo

Tudun Wada, Gombe
16 ga Maris, 1975

Zuwa ga Adda Fadimatu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Na san labari ya riga takardata isowa, don na ga saƙonki jiya. Kin ce ba ki gane abin da direba ke faɗa ba, wai na yanka injin kamfani. To, ga yadda aka yi daga bakina.

Lahadin farko na kowane wata ake kashe wuta a wanke tukunya. Ran biyu ga wata, da hantsi, kowa yana wurin, na ɗauki zarton ƙarfe na hau tsani. Na kwance guntun reluwen na sauke shi a hankali. Sannan na yanke wutsiyar daidai bakin akwatin, ban bar ko abin da farce zai kama ba. Na sa magagari na goge wurin sumul, don fita ba ya barin aikinsa da kaifi. Hatimin sufeto ban taɓa shi ba. Na sauko da guntun wutsiyar a hannuna.

Yanzu ba inda za a rataya komai. In suna son sabuwar wutsiya sai sun fasa hatimi, in za su fasa hatimi sai sun kira sufeto sun gaya masa dalili. In ma sun yi odar wata daga Ingila, kafin jirgi ya kawo ta aikin bana ya ƙare.

Ranar Litinin na kai wa Injiniya Shu'aibu guntun da na yanke na ajiye masa a tebur. Kafin azahar takardar kora ta fito, wai na lalata kayan kamfani. Ban yi gardama ba, na lalata ɗin. Fom na Kaduna an ba wa Titus na sashen lantarki. Yaron kirki ne, ya cancanta, na je har gida na yi masa murna. Da na dawo ban iya cin tuwo ba. Abin ya yi mini ciwo, Adda, har yanzu yana yi, kuma ban san ko zan taɓa ganin ƙofar kwalejin nan ba.

Kin ce Baffa yana shirin zuwa Gombe da dattawa biyu su kai ni gidan injiniya a GRA in durƙusa in ba da haƙuri. Ki tare shi tun bai sa takalmi ba. In zai zo, ya zo ya ga jikansa, ƙofa a buɗe take. Amma ba mai zuwa roƙo da sunana, don ban yi abin da zan nemi gafara a kansa ba, kuma in aka mai da ni gobe aka sa wata wutsiyar, zarto na nan. Kujerar akawun ma ya ba wa mai so. Na kafa benci kusa da tasha ina gyaran injin niƙa da famfo. Yanzu kam na zama maƙerin da suke faɗa, har da rumfa, sai su huta.

Kin tambayi Baba Isaiah. Tun ranar bai yi mini magana ba. Aiki ya ragu, an soke musu aikin ƙarin lokaci, injiniya kuma a kansa yake hucewa, wai shi ya koya mini rashin kunya. Hanyarsa ta gida ta gaban rumfata take. Kullum ƙarfe shida zai wuce a kan kekensa, in ya zo daidai ni sai ya kau da kai. Barira ta ce wannan butulci ne, in daina ko kallonsa. Ni kuwa shida saura nakan ajiye sifana in fito bakin hanya, in tsaya har sai na ga ya wuce ya kau da kan nan nasa. Ya yi ta fushinsa, Adda. Mai rai ne ke fushi.

Ki gaida maigidan da yara. Inno kuma ki gaya mata da bakinki, a hankali, ki ce ɗanta yana cin abinci. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙanenki har kullum,
Bappayo